Ɗinkin Jijiyar Kafaɗa: Yadda Ake Aikin da Yadda Take Kamawa

Ciwon kafaɗa iri-iri ne, amma akwai wanda ba ya ɓuya. Da rana mutum yana harkokinsa daidai gwargwado matuƙar hannun yana ƙasa. Da zarar ya miƙa zai ɗauko wani abu a saman kanta, ko zai zura hannu a riga, ko mace za ta kai hannu ƙeya ta ɗaura ɗankwali, sai zafi ya soki gefen dantse. Dare kuwa ya fi muni, don ba dama a kwanta ta wannan ɓarin, in barci ya juya mutum kansa sai ya farka. Idan ban da zafin akwai rauni, wato hannun ya ƙi ɗaguwa ko ya ɗagu ya kasa tsayawa, abin da likitan ƙashi zai fara zargi shi ne yagewar jijiyar kafaɗa.

Jijiyar da ake nufi ba ta jini ba ce, ba kuma mai kai saƙo daga laka ba ce. Farar nan ce mai tauri wadda tsoka ke ƙarewa da ita ta manne a jikin ƙashi. Kan ƙashin dantse a dunƙule yake, gurbin da yake zaune a allon kafaɗa kuwa ba shi da zurfi, shi ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa juyawa, ta kuma fi kowace saurin gocewa. Tsokoki 4 ne suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin: ɗaya ta gaba, ɗaya ta sama, biyu ta baya. Aikinsu su danne kan ƙashin a gurbinsa domin babbar tsokar da ke waje ta samu madogara ta ɗaga hannu. Ta saman ce ta fi yagewa. A takardar hoto za ka ga an rubuta sunanta na Latin, supraspinatus. Tana bi ta wani matsattsen lungu ƙarƙashin rufin ƙashi, kuma jini bai wadace ta ba a daidai inda ta manne.

Mataki na farko: wace irin yaga ce?

Duk shawarar da za a yanke daga nan take tasowa.

Akwai yagar lokaci ɗaya. Mutum ya faɗo daga babur ya dafa ƙasa da hannu, ko buhu ya suɓuce ya yi ƙoƙarin tare shi, ko saniya ta fizge igiya tana naɗe a hannunsa. Jiya hannun lafiya lau, yau ya ƙi ɗaguwa. Haka nan wanda ya haura shekara 40 kafaɗarsa ta goce: sau da yawa jijiyar kan yage tare da gocewar. A nan ake yawan asara. A je wajen mai ɗori ya mayar da gaɓar, a ɗaure, a shafa man zafi, a yi ƙaho, kumburi ya saɓe, kowa ya ce an samu sauƙi. Ƙashin ya koma, ba ƙarya. Amma jijiyar da ta ɓalle gaba ɗaya daga ƙashi ba ta komawa da kanta, don tsokar da ke bayanta kullum janye ta take yi tana nesanta ta da mazauninta. Da tafiya ta yi tafiya, tsokar da ta daina aiki sai ta motse, kitse ya ratsa cikinta. Wani likitan Faransa, Goutallier, ya kasa wannan kitse mataki-mataki daga 0 zuwa 4 a 1994, har yau da shi ake auna ko ɗinki zai yi amfani. Kitsen da ya shiga ba ya fita, ko da an ɗinke jijiyar daga baya. Saboda haka ƙa'idar a bayyane take: ka ji rauni, mako 2 ya wuce har yanzu ba ka iya ɗaga hannu da kanka, to ka nemi likitan ƙashi ba tare da jiran wata ya kama ba. Irin wannan yagar an fi son a ɗinke ta cikin makonni.

Akwai kuma yagar da shekaru ke kawowa. Jijiyar tana ta cinyewa a hankali, da tsufa da aikin da ake yi hannu a sama, har ta huje. Wannan ta yi yawa fiye da yadda ake zato. Da aka bi mutanen wani ƙauye a Japan da na'urar sikanin, an samu kusan 1 cikin kowane 5 yana da jijiyar da ta huje, kuma da yawansu ba su ma san da ita ba. Ma'ana, ganin yaga a hoto kaɗai bai isa dalilin shiga tiyata ba. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2013 ya bi masu irin wannan yaga da aka sa su atisayen gashin ƙashi, sai ga shi kusan kashi 75 cikin 100 ba su nemi tiyata ba har bayan shekara 2. Don haka a wannan rukuni ana farawa ne da wata 3 na atisaye na gaskiya a hannun ma'aikacin gashi. In zafin dare bai lafa ba, ko ƙarfin hannun yana ƙara raguwa, ko hoto ya nuna yagar tana faɗaɗa, sannan a zauna maganar wuƙa.

Mataki na biyu: dubawa da hoto

Likitan da ya san aikinsa da hannu yake farawa. Zai ce ka ɗaga hannun da kanka ya ga inda ya tsaya. Sannan ya ce, "Baba, saki jikinka, ni zan ɗaga." In ya kai shi sama cikin sauƙi alhali kai ka kasa, gaɓar a sake take, mai ja ne babu. Sai ya ce ka sauke a hankali. Hannun da jijiyarsa ta yage sosai yakan zo rabin hanya ya faɗi kawai. In kuwa shi ma ya ɗaga ya ji ta cije, wannan ƙagewar kafaɗa ce, cuta ce daban, ta fi kama masu ciwon suga, kuma maganinta daban. Zafin da ke gangarowa ya wuce gwiwar hannu har yatsu suna mutuwa, wannan kuma sau da yawa daga wuya yake.

Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, amma ana yin sa don a ga ko akwai karaya, ko gaɓar ta cinye, ko kan ƙashin ya haura sama ya tokari rufin. Sikanin yana nuna yaga da kyau in mai riƙe da na'urar ya ƙware a kafaɗa, ga araha. Hoton MRI, na babbar na'urar maganaɗisu, shi ke nuna nisan da jijiyar ta janye da yawan kitsen da ke cikin tsoka. Ana auna faɗin yagar: ƙasa da santimita 1 ƙarama ce, 1 zuwa 3 matsakaiciya, 3 zuwa 5 babba, abin da ya haura 5 ko ya haɗa jijiya 2 gagaruma. In ba ta huje gaba ɗaya ba, ana duba zurfin cin. Wadda ta cinye fiye da rabin kaurinta ita aka fi ɗinkewa.

Masu wannan aiki suna manyan asibitoci, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa. Ka tafi da faifan hoton kansa, kada ka tsaya a takardar bayani kawai, don likitan tiyata da idonsa yake so ya gani.

Mataki na uku: shiri

Shirin da ya fi muhimmanci a jikinka yake. Mai shan taba ya daina tun makonni kafin ranar, ya kuma daure har jijiyar ta kama, domin nikotin yana matse ƙananan hanyoyin jinin da warkewar ta dogara da su. Shisha da tabar gari duk suna ciki. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa, don hawansa yana ƙara haɗarin ruɓewar ciwo da ƙagewa da sake yagewa. Ka faɗi duk maganin da kake sha, musamman na tsinka jini, har da na gargajiya. In an taɓa yi maka allurar kashe kumburi a cikin kafaɗar, ka faɗi yaushe da sau nawa. In kwanan nan ne, likita zai iya ɗaga ranar.

Sai shirin gida, wanda mutane ke rainawa. Wa zai yi maka wanki da girki na mako 6? Wa zai kai ka asibiti gashi? Manomi ya lissafa kada watannin jinya su faɗo cikin damina. Mai niyyar aikin Hajji ya bar tazara mai yawa. Ka tanadi riguna masu faɗi ko masu maɓalli a gaba, da filo 3 ko 4. In hannun dama ne za a yi wa aiki, fara koyon cin abinci da cokali da ɗayan tun yanzu. Kuɗin da za ka tanada kuma ya haɗa da na gashin watanni. Wanda ya biya tiyata ya kasa biyan gashi, rabin magani ya saya.

Ka tambayi likita a fili: wace hanyar shiga zai bi, ƙusa nawa yake hasashen kafawa a ƙashi don riƙe ɗinkin, kuma me zai yi in ya shiga ya tarar ba ta ɗinkuwa.

Mataki na huɗu: cikin ɗakin tiyata

Za a hana ka abinci na aƙalla awa 6. Yawanci ana haɗa abu biyu: barci gaba ɗaya, da wata allura a gefen wuya wadda ke kashe jijiyoyin saƙo na kafaɗa da hannu. Allurar takan riƙe daga awa 12 zuwa kwana ɗaya. Wani kan ji murya ta dishe, ko fatar ido ɗaya ta ɗan sauko, ko numfashi ya ɗan yi nauyi, duk suna gushewa da ita. Mai ciwon huhu ya gaya wa likitan barci tun da wuri. Ana aikin ne kana kishingiɗe a zaune, ko a kwance ta gefe an rataye hannun da ɗan nauyi.

Hanyoyin shiga 3 ne. Tsohuwar ita ce buɗewa sosai: a tsaga fata, a ɓanɓare gefen babbar tsokar waje daga ƙashi, a yi aiki ido na gani, a mayar da ita. Da aikin buɗewa ne Ernest Codman, wani likita a Boston, ya ɗinke jijiyar sama ya wallafa a 1911. Ta biyu ƙaramar tsaga ce, inda ake raba tsokar bisa tsawonta ba tare da ɓanɓare ta ba, kuma ba a gangarawa fiye da kimanin santimita 5 daga rufin kafaɗa, don a ƙasan nan jijiyar saƙon da ke motsa tsokar take gilmawa. Ta uku ita ce ta kyamara: a huda ƙofofi 3 zuwa 5, kowace kusan santimita 1, a zura kyamarar da ba ta kai kaurin biro ba, likita yana kallon allo.

Mutane da yawa sun ɗauka ta kyamara ce kaɗai aikin zamani, har wasu su ci bashi su fita waje dominta. Tana da fa'idarta: tana nuna cikin gaɓar lungu-lungu, tabon ƙanana ne. Amma wani babban gwaji a Birtaniya da ya kwatanta ta da buɗewa a kan 'yan shekara 50 zuwa sama bai ga bambanci a lafiyar kafaɗa ba bayan shekara 2. A ganina, likitan da hannunsa ya faɗa da ƙaramar tsaga ya fi wanda ke koyon kyamara a kanka.

Ko ta wace hanya aka shiga, aikin ciki ɗaya ne. Bari mu bi shi ta kyamara, tunda ita ta fi nuna abin.

Da farko ana cika gaɓar da ruwan gishiri don ta buɗe. A allo za ka ga kan ƙashin fari sol yana sheƙi, jijiyar gaban dantse, wato ta ƙwanji, ta gitta ta kansa, can sama kuma inda ya kamata a ga jijiya ta manne sai a ga rami, gefensa ya yi buzu-buzu, ƙashi a tsiraice a ƙasa. Likita zai zagaya ya duba komai. In jijiyar gaban dantsen ma ta lalace, ko dai a yanke ta a sake ta, ko a sauya mata mazauni a ƙasa kaɗan. Sakinta ya fi sauƙi, sai dai wani lokaci ƙwanjin kan zame ya yi ƙullutu a ƙasa.

Sai a koma saman jijiyar a share kumburarriyar jakar da ke tsakaninta da rufin ƙashi. Wasu likitoci kan kankare ƙasan rufin don a ƙara fili, aikin da Charles Neer ya bayyana a 1972. Farin jininsa ya ragu tun da gwaje-gwaje biyu na 2018, a Birtaniya da Finland, suka nuna cewa ga masu ciwon kafaɗa da jijiyarsu ba ta huje ba, kankarewar ba ta fi tiyatar da aka shiga aka fito ba a kankare komai ba. Yanzu an fi yin sa inda akwai tsinin ƙashi a zahiri.

Daga nan sai a kama bakin jijiyar da ɗan hantsaki a jawo a ga ko za ta kai mazauninta. Wannan shi ne lokacin da ake sanin gaskiya. Sabuwar yaga takan taho salin-alin. Tsohuwa takan cije, sai an bi ta sama da ƙasa an yanyanke tabon da ya liƙe ta. In yagar mai zurfi ce ta shige ciki, akan fara haɗa gefe da gefe tukuna don a rage tazarar. Abin da likita ke gudu shi ne ɗinki a kan ja. Jijiyar da aka jawo da ƙarfi aka ɗaure, zaren ne zai keta ta.

Sai gyaran mazauni. Ana goge fuskar ƙashin sama-sama har sai jini ya fara tsattsafowa ɗigo-ɗigo. Wannan jinin ake nema, domin daga ƙashi da ɓargo ƙwayoyin da za su haɗa wurin ke fitowa.

Sannan a kafa ƙusa. 'Yar ƙarama ce, kaurinta kusan milimita 5, da zaruruwa masu ƙarfi a jikinta. Akwai ta ƙarfen titaniyam, akwai ta roba mai tauri, akwai mai narkewa a hankali, akwai wadda zare ce zalla da ke dunƙulewa a cikin ƙashi. Ba a cire su daga baya. A soka zaren ta cikin lafiyayyen naman jijiyar, kamar santimita 1 daga bakinta, a ɗaure ta sauko ta kwanta kan ƙashi. In layi ɗaya aka kafa, ɗinkin layi ɗaya ke nan, kuma ya wadatar a ƙaramar yaga. A babba akan yi layi biyu: ƙusoshin ciki su riƙe, sannan a ɗauko zaruruwansu a gicciya su ta kan jijiyar a danne da wasu ƙusoshin a waje, ta yadda za ta kwanta shimfiɗe a duk faɗin mazauninta. Hotuna sun nuna layi biyu ya fi rage sake yagewa a manyan yaga, amma kowace ƙusa kuɗi ce. Akwai kuma hanyar da ba ƙusa sam: a huda ƙananan ramuka a ƙashi a zura zaren ta ciki a ɗaure. Tsohuwar dabara ce, tana aiki, kuma inda aljihu bai da nauyi ba abin rainawa ba ce.

Duka-duka awa 1 zuwa 2. A rufe ƙofofin, a sa hannun a maratayi, wani lokaci da ɗan matashi a hammata don a sassauta wa ɗinkin.

In aka tarar jijiyar ta janye ba ta kaiwa, akwai sauran dabaru: a ɗinke iya abin da ya yiwu, ko a yi faci da fatar da aka sarrafa, ko a ɗebo shimfiɗar da ke lulluɓe tsokar cinya a yi wa gaɓar sabon rufi kamar yadda Teruhisa Mihata na Japan ya ɓullo da shi, ko a karkato jijiyar wata tsoka daga baya. Ga dattijon da gaɓarsa ta riga ta cinye kuwa, akwai gaɓar ƙarfe da aka juya tsarinta, dunƙulen a allon kafaɗa, gurbin a dantse, wadda Paul Grammont na Faransa ya tsara a 1985 don babbar tsokar waje ta ɗaga hannu ita kaɗai.

Mataki na biyar: abin da ke faruwa a ciki bayan an rufe

Ɗinkin ba shi ne warkewar ba. Matsayinsa ɗaya da katakon da magina ke tokare sabon rufin siminti da shi kafin simintin ya kama: yana riƙe abu a wurinsa ne kawai har abin ya iya tsayawa da kansa. Jiki ne zai haɗa jijiya da ƙashi, kuma ba ya sauri.

A makon farko jini ne ya daskare a wurin, ga kumburi, ƙwayoyin jiki suna share matattun nama. Daga nan zuwa mako 6 ko 8 ana saƙa sabon nama mai laushi, zarensa a hargitse, ba shi da wani ƙarfin kirki. Bayan haka ne jiki ke shiga warware wannan saƙa yana mayar da ita mai tauri, zare yana jeruwa bisa hanyar ja, kuma wannan yana ci gaba har shekara. Masu bincike daga Ostireliya sun gwada haka a jikin birai, suka wallafa a 2010: a mako 8 wurin a ido kamar ya warke, amma zaruruwan da ke kutsawa cikin ƙashi su riƙe jijiya ba su bayyana da yawa ba sai daga mako 12, kuma sai a mako 15 haɗin ya kusa nuna. Ko a lokacin, mahaɗin asali da aka haifi mutum da shi, mai sauyawa daga jijiya zuwa guringuntsi zuwa ƙashi, ba ya dawowa. Tabo ne ke maye gurbinsa.

Matsalar ita ce zafi yana riga kamawa tafiya. A mako 4 ko 5 mutum zai ji garau, ya ɗauka ya warke, alhali zare ne kawai ke riƙe da shi. Galibin sake yagewa a cikin wata 6 na farko take aukuwa.

Mataki na shida: mako bayan mako

Daren farko, kada ka jira allurar wuya ta sake ka. Da ka ji yatsu sun fara tsikari, sha maganin da aka rubuta maka, don in ta saki gaba ɗaya zafin kan zo da ƙarfi, sau da yawa cikin tsakar dare. Kafaɗar za ta kumbura, bandeji ya jiƙe da ruwa mai ɗan ja na kwana 1 ko 2. Ruwan da aka cika gaɓar da shi ne ke fita. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20 tana taimakawa ƙwarai. Kada ka je kemis ka ƙara wa kanka tiramadol ko magungunan kumburi. Wasu likitoci suna taƙaita na kumburin da gangan a makonnin farko. Kwanciya a miƙe ita ce azaba, don haka ka jingina da filo ka yi barci a kishingiɗe, da wani filon a bayan gwiwar hannu kada ta zame baya. Ana cire zaren fata tsakanin kwana 10 zuwa 14, kafin nan kada ruwa ya taɓa wurin.

Mako 4 zuwa 6 na farko hannun yana cikin maratayi dare da rana. Ana fitar da shi sau da yawa a yini a miƙe gwiwar hannu, a juya wuyan hannu, a dunƙule yatsu a buɗe. Kafaɗar kuwa ba kai za ka motsa ta ba, motsa maka za a yi, ko ka sunkuya ka dafa tebur da lafiyayyen hannu ka bar ɗayan yana lilo da nauyinsa, atisayen da har yau ake kira da sunan Codman. Haka ma ake wanke hammata: a sunkuya hannun ya rabu da jiki da kansa. Wajen sa riga, hannun da aka yi wa aiki ke fara shiga, shi ke fita a ƙarshe. Alwala ba ta gagara, tunda ciwon yana sama da gwiwar hannu. Wani ya zuba maka ruwa kawai. Amma ɗaga hannu wajen kabbara da dogara a kansa wajen sujada ko tashi ba su dace da ɗinkin ba tukuna. Addini ya yi wa majinyaci rangwamen salla a zaune, ka tambayi malaminku yadda za ka yi. Uwa mai goyo ta bari a miƙo mata jariri a cinya. Abin da ya fi ɓata ɗinki a wannan lokaci ba shi ne babban aiki ba, abin bazata ne: buta za ta faɗi ka kai cafka, yaro zai faɗi ka fizgo shi, ko ka dafa tabarma za ka tashi. Maratayin yana kuma sanar da jama'a, kada wani ya zo gaisuwa ya girgiza maka hannu.

Daga mako 6 zuwa 12 ana ajiye maratayi, ka fara ɗaga hannun da kanka, da farko kana kwance lafiyayyen hannu yana tallafa masa da sanda, daga baya a zaune, sannan a tsaye. Nauyin hannun kaɗai ya isa kaya. Abin da ya fi kofin shayi a bar shi. Tuƙin mota sai an cire maratayi kuma likita ya amince. Babur da Keke Napep sun fi mota wahalar da kafaɗa, saboda jijjiga da riƙon kai, don haka suna jira fiye da haka.

Daga wata 3 ake fara ƙarfafawa, da igiyar roba da ƙananan nauyi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Daka, tuƙin tuwon gidan yawa, jan guga, faskare, huɗa, dako, da duk aikin da ake yi hannu a sama da kaya, waɗannan sai wata 6 ko fiye, gwargwadon girman yagar. Ƙarfi yana ci gaba da dawowa har shekara. In yagarka babba ce, likita zai iya jinkirta kowane mataki. Jadawalinsa shi ne abin bi, don shi ya ga ingancin jijiyar da idonsa.

In abu ya karkace

Zazzaɓi, ja da zafi da ke yaɗuwa a kewayen ciwon, mugunya, ko ruwan da ya ƙi tsayawa bayan kwanaki: koma asibiti a ranar. Haka in hannun bai farfaɗo ba bayan kwana 2, ko ka ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kafaɗa, ta fi yawa a maza, wadda ba ta tayar da zazzaɓi, sai dai ciwo ya yi ta naci ba dalili. In watanni sun shuɗe zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, a faɗa.

Ƙagewa ta fi kowace matsala yawa, kuma galibi tana sakin mutum da haƙuri da gashi cikin watanni. Kada a bari wani ya murɗe ta da ƙarfi da sunan warware ta.

Sake yagewa kuwa tana bin shekaru, da girman yagar, da yawan kitsen tsoka, da taba, da suga. Alamarta ƙarfin da aka fara samu ya zube, wani lokaci bayan an ji wani abu ya ɓalle. Sai dai ba kullum take nufin aikin ya tashi a banza ba. A wani bincike na 2004 a Amurka, an duba mutum 18 da aka ɗinke wa manya-manyan yaga, sikanin ya nuna ta 17 ta sake buɗewa, amma duk da haka yawancinsu zafi ya ragu kuma hannun ya fi da ɗaguwa a shekarar farko. Don haka in hoto ya nuna ta sake hujewa, likita zai duba abin da kake iya yi da yadda kake barci kafin ya yi maganar komawa ɗakin tiyata. Matashi mai aikin ƙarfi da ta sake ɓalle masa da wuri, shi ake gaggauta sake ɗinkewa kafin tsokar ta motse. Dattijon da zafinsa ya tafi, yana sa rigarsa yana cin abincinsa, yawanci gashi ake ci gaba da yi masa ana duba shi lokaci-lokaci.